Mai yanke maka tele ran da kuɗi suka ƙare, shi za ka ba makullin ƙofarka?



A shirinmu na daren Asabar, wani mai saurare ya bugo waya daga Tasawa da wata tambaya da ta fi ƙarfin minti ukun da ya rage mana. Ya ce ɗansa da ke karatu a waje ya nuna masa yadda Turawa ke buɗe ƙofar gida da salula, su kunna fitila suna ofis, su leƙa tsakar gida ta kamara suna wata ƙasa. Sai ya ce: to tunda masu parabol sun riga sun shiga gidajenmu, suna da dekoda a falo da ma'aikata masu hawa rufi, mi zai hana su sayi irin wannan kamfani su haɗa mana duka a abonoma guda? Na ce masa Alhaji a ba ni mako. Ga amsata nan, kuma tun daga farko in faɗa: ban goyi baya ba.

Abin da ake magana a kai, da Faransanci sunansa domotique. Mu ce gida mai jin magana. Makulli ne mai lantarki, da kamara a bakin ƙofa, da na'urar da ke jin motsi ko hayaƙi, da soket ɗin da ake kashewa daga nesa, duk an ɗaure su da wani ɗan akwati da ke magana da salularka ta intanet. Ba tatsuniya ba ce, kasuwa ce babba. A farkon 2014 Google ta sayi Nest a kan dala miliyar 3.2. A shekarar dai Samsung ta sayi SmartThings. A 2018 Amazon ta sayi Ring, masu ƙararrawar ƙofa mai kamara, a kan kusan dala miliyar guda. Dalar Amurka nake nufi fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba.

Kuma shawarar Alhajin Tasawa ba ta banza ba ce, don manyan masu kuɗi sun riga shi tunaninta. Kamfanin parabol yana cikin matsi ko'ina a duniya. Matasa sun koma kallo a salula, YouTube da TikTok da Netflix sun cinye lokacin da ake ba tele. MultiChoice, masu DStv, sun yi asarar masu biya fiye da miliyan guda cikin shekara ɗaya kafin Canal+ ta karɓe su a 2025. Wanda kasuwarsa ke raguwa dole ya nemi wata haja. To ga shi yana da abubuwa uku da kowane mai sayar da kayan gida ke mafarki: ya san adireshinka, ya saba karɓar kuɗinka kowane wata, kuma yana da teknisiyen da ka riga ka yarda ya shiga gidanka da tsani. A takarda, lissafin ya fita tsaf.

Sai dai an gwada. Wannan shi ne abin da ya sa na nemi mako guda, don in tabbatar da labarin kafin in kawo muku.

A Amurka akwai DirecTV, wanda a lokacin shi ne babban kamfanin tele ta tauraron ɗan Adam a ƙasar, da masu biya wajen miliyan 20. A 2013 ya sayi wani ƙaramin kamfani mai suna LifeShield, na jihar Pennsylvania, mai yin na'urorin tsaron gida marasa waya. Daidai abin da Alhaji ke so. Hujjarsu ma ita ce tasa: ma'aikacin da ya zo ɗaura faranti ya ɗaura kamara a tafiya guda, takardar biya ta zama ɗaya. Shekara biyu bayan haka, a 2015, kamfanin sadarwa na AT&T ya haɗiye DirecTV ɗin kansa a kan kimanin dala miliyar 48 da rabi. To AT&T yana da nasa tsarin na gida mai suna Digital Life. LifeShield ya zama agola a gidan. A 2017 aka sayar da shi ga wasu masu zuba jari. A 2019 kamfanin tsaro na ADT ya saye shi a kan kusan dala miliyan 25, daga baya ma aka canza masa suna. Ku lissafa: cikin shekara shida, mutumin da ya amince ya ɗora tsaron iyalinsa a kan wannan na'ura ya ga ta sauya ubangida hannu bayan hannu, ba wanda ya nemi shawararsa. Shi kuma Digital Life, wanda saboda shi aka yi watsi da agolan, AT&T ta rufe shi a 2022.

Kishiyar DirecTV a can ita ce Dish. Ɗan uwanta EchoStar, wanda a lokacin shi ke ƙera mata dekoda, bai sayi kowa ba, ya ƙera nasa. Sunansa Sage. Dabarar tana da kyau: kana kallon tele, in wani ya ƙwanƙwasa, hotonsa ya fito maka a gefen allo. An fito da shi kasuwa a 2016, kuma a cikin 2016 ɗin aka janye shi. Ko shekara bai cika ba.

Kamfanoni biyu, hanyoyi biyu, ƙarshe ɗaya. Kuma waɗannan ba su rasa kuɗi ba, ba su rasa injiniyoyi ba, ƙasarsu kuma ba a ɗauke wuta kamar tamu. Don haka matsalar ba ta aljihu ba ce, tana cikin sana'ar kanta.

Na farko dai, tauraron tele bakin magana gare shi, ba shi da kunne. Yana can sama wajen kilomita 36,000, yana zubo hoto iri ɗaya ga kowa daga Agadas har Kano, farantinka yana tara kamar yadda ake tara ruwan sama a baho. Farantin ba ya mayar da komi sama. Shi kuwa gida mai jin magana, rayuwarsa duka kai da komo ce: ƙofa ta gaya wa salula an taɓa ni, salula ta ce buɗe ko kar ki buɗe. Wannan aikin intanet ne. Ke nan babbar dukiyar kamfanin parabol, wato tauraron da ya kashe maƙudan kuɗi a kansa, ba ta da wani amfani ga makullin. Dole ya bi ta layin wani kamfanin, sau da yawa ma abokin gasarsa. Shi ya sa kamfanonin da suka ɗan ci riba a wannan fage a Amurka, irin Comcast, su ne masu igiyar intanet da ta riga ta shiga gida.

Na biyu shi ne wanda ya fi damuna, kuma a nan zan daɗe.

Kowace sana'a tana da halinta. Halin sana'ar parabol shi ne yankewa. Ba zagi ba ne, tsarin ke nan: hoton yana zuwa a kulle, katin dekoda ke buɗe shi, ran da abonoma ya ƙare a aiko umurni daga sama ya rufe. Duk wayon injiniyoyinsu na shekara da shekaru ya tafi ne wajen tabbatar da cewa wanda bai biya ba bai gani ba. Ni kaina ya taɓa cin ni. Gasar cin kofin Afirka, na tara abokai a gida, an dafa shayi, an shimfiɗa tabarma, ana shirin bugun daga kai sai mai tsaron gida sai allo ya yi baƙi da ɗan rubutu a tsakiya. Na manta ranar biya. Muka kwasa da gudu zuwa fadar maƙwabta, aka yi ta yi mini dariya har sati. Wannan abin dariya ne domin ƙwallo ce. Asarar ba ta wuce kunya ba.

To ɗauki wannan hali ka ɗora shi a ƙofar gida. Ranar 28 ga wata, albashi bai sauka ba, ko damina ba ta yi kyau ba, ko an kwantar da yaro asibiti kuɗin sun tafi can. Mi zai faru da kamarar? Mi zai faru da na'urar da ke kuka in ta ji hayaƙi? Za su ce maka makulli zai ci gaba da aiki da hannu, sauran ne kawai za a dakatar. Wataƙila. Amma sauran nan su ne abin da ka saya. Kuma wa ya rubuta sharaɗin? Su. Wa zai iya canza shi baɗi? Su.

Kar ku ce ina zuzutawa. A 2014 Nest, wanda ke hannun Google, ya sayi wani kamfani mai suna Revolv da ke sayar da akwatin sarrafa gida a kan dala 300. A watan Mayun 2016 aka kashe kwamfutocin da akwatin ke dogara da su, ya zama kwalin banza a gidajen mutanen da suka biya kuɗinsu cif. Sai da aka yi ta surutu kafin a yi maganar mayar da kuɗi. A Afrilun 2022 wani tsohon kamfani mai suna Insteon ya rufe nasa dare ɗaya ba sallama, mutane suka wayi gari salula ba ta magana da fitilunsu, har sai da wasu daga cikin masu amfani da kayan suka haɗa kuɗi suka sayi kamfanin suka tayar da shi. Kwaɗon da kakanmu ya saya a kasuwa, in maƙerin ya mutu, kwaɗon bai san an yi ba. Wannan kuwa, in kamfani ya yi atishawa a wata nahiya, ƙofarka ce ke kamuwa da mura.

Shi ya sa tambayar wa ya mallaki kamfanin take da nauyi. In sana'ar mutum ke nan kaɗai, zai riƙe ta da haƙori don ita ce abincinsa. In kuwa reshe ce da aka sayo don toshe ramin da wata sana'a ta bari, ran da manya suka zauna rage kashe kuɗi, ita ce ta farko a layi. Kuma kamfanin parabol na yau kullum cikin rage kashe kuɗi yake. DirecTV ɗin nan da aka saya kusan dala miliyar 49, da AT&T ta zo raba shi da jikinta a 2021 an yi masa kuɗi wajen miliyar 16 ne, kuma a 2025 ta sayar da sauran kasonta ta fita gaba ɗaya. Wanda ke fama da nasa rufin da ke yoyo, shi za a ba ajiyar hatsi?

Akwai kuma maganar ido. Dekoda ba ta ganinka, kai ke ganinta. Kamara kuwa akasin haka ne. Mu nan mun san darajar zaure. Baƙo namiji, ko aminin maigida ne, iyakarsa nan, sai an yi sallama an ba da izini. Duk ginin gidanmu, daga katanga har labulen ƙofa, an yi shi ne don kare abin da ke ciki daga idon waje. Yanzu a ce an saka ido a tsakar gida, inda mata ke aikinsu ba lulluɓi, inda ake yi wa yara wanka, hoton kuma yana tafiya wata kwamfuta da ba ka san ƙasar da take ba. A 2023 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa Ring biyan dala miliyan 5.8, kuma cikin zarge-zargen har da cewa wani ma'aikaci ya yi watanni yana kallon hotunan mata a ɗakunansu. A jihar Texas, wani teknisiyen na ADT ya amsa laifi a kotu a 2021 cewa ya riƙa saka adireshinsa a asusun mutanen da ya ɗaura wa kamara, gidaje wajen 200, ya leƙa su sau dubbai. Ku lura, ADT tsaro ne sana'arsu tun fiye da shekara ɗari, kuma abin ya faru a gidansu. Ina ga wanda ya shigo sana'ar jiya ta hanyar saye?

A nan ne ma hujjar teknisiyen take juyewa. Yaron da ke ɗaura mana faranti, Allah ya yi masa albarka, gwani ne. Ya hau rufi da tsakar rana a watan Afrilu, ya juya faranti da ɗan tele a hannu har sigina ta cika. Amma yawancinsu ba ma'aikatan kamfani ba ne kai tsaye, ƴan kwangila ne ko masu zaman kansu, wani ma a bakin kasuwa ka samo lambarsa. In ya yi kuskure, tasha ce ta ɓace. Wanda ya ɗaura makulli da kamara kuwa ya san lambar sirrinka, ya san ɗakin da babu na'ura, ya san lokacin da gidan ke zama ba kowa. Wannan amana ce ta daban, tana buƙatar tantancewa ta daban da horo na daban da wanda zai ɗauki alhaki in an yi ɓarna. Sayen kamfani ba ya sayo wannan.

In yi adalci, akwai inda masu goyon baya suka fi ni gaskiya. Haɗa biya wuri guda sauƙi ne, kuma mutum ya fi son lamba ɗaya da zai kira in abu ya lalace. Ƙananan kamfanonin kayan gida su ma suna mutuwa da kansu ba tare da kowa ya saye su ba, Insteon shaida ne, don haka wani lokaci babban ubangida rai yake ƙara musu. Na yarda. Amma wannan sauƙin ba ya buƙatar saye. Dish ta gane haka bayan abin da ya sami Sage: a 2019 ta buɗe wani reshe mai suna OnTech, aikinsa kawai aika ma'aikata su ɗaura kayan wasu kamfanoni, na Google ne ko na Ring, a biya su ladan aiki. Ta sayar da abin da ta iya, ta bar abin da ba ta iya ba. Tun 2022 kuma manyan masu ƙera kayan, Apple da Google da Amazon da Samsung, suka amince da wani tsari guda mai suna Matter don na'urorinsu su riƙa jin yaren juna. In kayan kowa na magana da na kowa, mi ya rage na mallakar masana'anta guda? Taura biyu ba ta taunuwa, ballantana ɗayar ma ba a bakinka take ba.

Yanzu mu dawo gida, don Alhaji ba don Pennsylvania ya bugo waya ba. Ban ji wani kamfanin parabol da ke aiki a ƙasarmu ya ce zai yi irin wannan saye ba, kar a ce na faɗa. Amma yanzu da Canal+ da DStv suka koma hannu ɗaya, kamfani guda ke da ƙofar shiga miliyoyin falo daga Dakar har Johannesburg, kuma matsin da ya tura na Amurka neman sabuwar haja yana nan tafe. Ranar da za a kawo mana tallar, ya kamata a same mu da tambayoyinmu a hannu.

Tambaya ta farko ita ce wuta. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar. Mu da muke da shi kuma mun tuna watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse layin da ke kawo mana wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar da muke amfani da ita. Wa ya manta dararen nan? Gida mai jin magana yana son wuta da intanet dare da rana ba yankewa. In ɗaya ya faɗi, ya kurumce. Batiri yana riƙewa na ɗan lokaci, amma zafin watan Mayu da ƙurar hunturu ba su san garanti ba. Ɓarawo kuma ya fi kowa sanin lokacin da unguwa ta yi duhu. Maigadinmu da sandarsa da fitilarsa da ɗan rediyonsa, da karen maƙwabci, da tsohuwar da ba ta barci da wuri, ba su taɓa jiran rezo ba.

In da kamfanin parabol zai tambaye ni inda zai sa kuɗinsa a wannan yanki, zan ce ya dubi abin da ke hana mutane kallon tele ɗin tun farko. Ba rashin makulli mai salula ba ne, rashin wuta ne. A Kenya an ga misali: kamfanin sola na Azuri ya haɗa kai da masu parabol na Zuku, suka fito da pano da batiri da tele da faranti a ƙunshi guda, ana biya kaɗan-kaɗan ta salula. Haɗin gwiwa ne, ba wanda ya sayi wani. Wannan ya dace da sana'arsu, don duk gidan da ya samu wuta sabon mai kallo ne. Ko shi ma ina da ƙorafi a kansa, tunda irin wannan tsarin yana kulle na'urar in ba ka biya ba, ka ga halin yankewar ya biyo mu har fitila. Amma aƙalla yana da ƙarshe: in ka gama biya, pano ya zama naka. Abonoma kuwa ba a gama shi.

Ga wanda ke da hali kuma yake son kamara a shagonsa ko ƙofar gidansa tun yanzu, ba na hana shi, ni ma na yi tunanin sa wa a ƙofar garejinmu. Ya dai tambayi mai sayarwa abu uku kafin ya zaro kuɗi. In intanet ya yanke, tana ci gaba da ɗauka a kati ko faifan da ke cikin gidan? In na daina biyan wata-wata, mi zai daina aiki? Ban da ni, wa ke iya ganin hoton, kuma zan iya canza lambar sirri da hannuna bayan teknisiyen ya tafi? In ya fara kame-kame a ɗaya daga ciki, cinikin biri a sama ne. Kuma a bar ta tana kallon titi da bakin ƙofa, kar a juya ta cikin gida.

Alhaji na Tasawa, ka ji amsar da minti uku ba su ba ni damar bayarwa ba. Ranar Asabar in Allah ya kai mu za mu buɗe layi a kan wannan batu bayan labaran ƙarfe takwas, kuma ina so musamman in ji daga masu ɗaura faranti da masu gyaran lantarki, don sun fi ni sanin abin da ƙura ke yi wa waɗannan na'urori. Wanda ya riga ya sa kamara a gidansa ko shagonsa, ya gaya mana nawa ya kashe da kuma yadda ta yi a lokacin zafin bana.